Fim ɗin Gandhi a Idon Ɗan Ƙonni

Bahaushe da fim ɗin Indiya sun daɗe tare. Tun shekarun 1950, lokacin da ƴan kasuwa Labanawa suka fara kawo su gidajen silima na Kano, har zuwa yau da ake tura fassarar Algaita a waya, daga Illela ta Sakkwato a tsallako da ita Birnin Ƙonni, ba a rabu ba. Amma wanda ya ɗauki faifan Gandhi yana jiran rawa da waƙa a gindin furanni, zai sha mamaki. Babu ko ɗaya. Fim ne na sa'a uku da ƴan mintuna, da Turanci, wanda Bature ɗan Ingila Richard Attenborough ya shirya, ya fito a 1982, ya kuma lashe kyautar Oscar takwas. Ben Kingsley ne ya fito a matsayin Gandhi. Masu son fim ɗin Indiya za su gane fuskar Amrish Puri da ta Om Puri a ciki.

Labarin ya fara daga ƙarshe: ranar 30 ga Janairun 1948 da Nathuram Godse ya harbe tsohon a Delhi, sai jana'iza, wadda aka tara mutane wajen dubu 300 don ɗaukarta. Daga nan aka koma 1893, inda aka jefo matashin lauya daga jirgin ƙasa a Afirka ta Kudu saboda ya zauna a taragon Turawa.

Wurin da ya fi kama zuciya shi ne maganar gishiri. Turawan Ingila sun hana Ba'indiye ya haɗa gishirin bakin tekunsa ya sayar, sai dai ya saya a hannun hukuma da haraji a kai. Mu da kakanninmu suka san darajar kantun Bilma da ayarin raƙuman da ke kawo shi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 1930 Gandhi ya taka a ƙasa kusan kilomita 390 zuwa Dandi, ya sunkuya ya ɗebi gishiri, ya karya doka a bainar jama'a. Sai fim ya nuna abin da ya biyo baya a masana'antar gishiri ta Dharasana. Maza sun yi sahu, fararen tufafi, hannu ba ko sanda. Sahun farko ya matso, ƴan sanda suka rufe su da kulake har suka zube. Mata suka janye su gefe suna ɗaure musu kai. Sahu na biyu ya matso. Ba wanda ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Duk mai cewa ƙin ramuwa ragwanci ne, ya kalli wannan wuri tukuna.

Sai dai fim ba littafin tarihi ba ne, kuma gwamnatin Indiya ta zuba kuɗi a wannan. Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa Pakistan a 1947, an nuna shi mutum mai taurin kai da ɗaure fuska, abin da ya ɓata wa ƴan Pakistan rai, har daga baya aka yi masa nasa fim a 1998. Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyama a tsarin dangantakar Hindu, wanda ya yi jayayya mai zafi da Gandhi, ba a ba shi wuri ba. Haka Subhas Chandra Bose da ya zaɓi ɗaukar makami. Abin da ya fi shafarmu kuma, fim ɗin ya tsallake kalaman raini da Gandhi ya rubuta game da baƙar fata yana matashi a Afirka ta Kudu, waɗanda suka sa aka cire gunkinsa daga Jami'ar Ghana a 2018. Wannan bai goge abin da ya yi a Kalkata ba, inda ya ƙaurace wa abinci har Hindu da Musulmi suka ajiye makamai. Mutum ne, da alherinsa da tabonsa.

Akwai wurin da ɗan Ƙonni zai kalla jikinsa ya yi sanyi. Ranar 13 ga Afrilun 1919, Janar Dyer ya shigo da sojoji wani fili mai katanga a Amritsar, ya tare ƙofa, ya sa aka buɗe wuta kan taron da ba shi da makami. Hukuma ta ce mutum 379 suka mutu, ƴan Indiya suka ce sun haura dubu. Shekara ashirin kafin haka, a watan Mayun 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe ɗimbin jama'a, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Amritsar duniya ta san shi, kuma wannan fim na cikin dalilan. Ƙonni fa? Ko a nan kusa, yara nawa ne a Malbaza ko Illela za su iya faɗin shekarar?

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A 2020 kuma fim ɗin African Apocalypse ya bi sawun rundunar Voulet, ya zo har Ƙonni ya saurari jikokin waɗanda abin ya faɗa wa. Malamin tarihi da ya samu faifan Gandhi don ɗalibansa, ya nemi waɗannan fina-finan biyu su ma, ya nuna su a mako guda.