Bayani a Kan Awo da Rangwamensa ga Masu Sabunta Madafa a Hayin Banki

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya wa kowane abu gwargwado, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a sani Hayin Banki unguwa ce a Kaduna ta Arewa, maƙwabciyar Kawo, mazaunin malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata. Gidaje da yawa a cikinta an gina su ne tun zamanin da madafa take rumfa a tsakar gida, da murhun duwatsu uku da tarin itace a gefe. Yanzu kuwa magidanci in Allah ya buɗa masa, sai ya so ya mayar da ita ɗaki mai tayil da kabad da murhun gas da firji. A nan ne husuma take yawan tashi tsakanin maigida da kafinta, kuma asalinta, in an bincika, awo ne.

Mutanen dā suna awo da jikinsu, watau dani da kamu da gaba da taki. Wannan ya wadatar da su, domin ginin ƙasa yana karɓar gyara, in bango ya karkace a ƙara yaɓe. Da Turawa suka zo, suka kawo inci da ƙafa da yadi, sa'an nan a shekarun 1970 Nijeriya ta koma ga mita da santimita. Amma tsohon awo bai bar bakin masu sana'a ba. Har yau bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, allon filawud kuma ƙafa 4 ne a ƙafa 8, alhali murhun gas da firji da ake sayowa daga kanti da santimita aka ƙera su.

To, ga inda tuntuɓe yake. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ƙafa 2 ta kusa santimita 61, ba 60 ba. Idan maigida ya ce kabad biyar, kowane santimita 60, kafinta kuma ya ji a ransa ƙafa bibbiyu, to jimla za ta haura da kusan santimita 5, na biyar ba zai shiga ba sai an fasa shi.

Tuntuɓe na biyu shi ne gaggawa. Misali, an auna tsakanin bango da bango tun suna bulo tsirara, aka sami santimita 300, aka kai wa kafinta a Panteka ya fara yanka. Daga baya birkila ya yi filasta, ta ci kamar santimita ɗaya da rabi a kowane gefe, mai tayil ya zo shi ma ya ci kwatankwacin haka. Sai 300 ta koma 294. Ba wanda ya yi ha'inci a cikinsu, amma dukiya ta salwanta. Saboda haka ba a ɗaukar awon ƙarshe sai an gama filasta da tayil na bango da na ƙasa.

Kuma a sani, da wuya a sami bango miƙaƙƙe sarai ko kusurwa daidai, balle a tsohon gida. Gwanayen sana'a suna auna faɗin ɗaki a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, su riƙi mafi ƙanƙanta. Kusurwa kuwa ga yadda ake jarraba ta: a auna santimita 60 a jikin bango ɗaya, 80 a jikin ɗayan, sa'an nan a ja igiya tsakanin alamun biyu. In ta ba da 100 kusurwa ta daidaita, in ta saɓa to akwai karkata. Domin wannan ne ake barin sarari kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, tsakanin kabad na ƙarshe da bango, a rufe shi da siririn katako da aka sassaƙa a wurin. Maigida kada ya ɗauki wannan sarari ƙwauron aiki, hikima ce.

Katako kuma yana da nasa hali. Damina a Kaduna doguwa ce, itace yakan sha danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke, kuma motsin nan ta faɗi yake yi, ba ta tsawo ba. Ƙofar da aka ƙera da hunturu, aka matse ta ba sarari, in Agusta ta yi sai ta ƙi rufuwa. Wadda aka yi da ɗanyen katako da damina, in Janairu ta zo sai ta buɗe baki, kyankyasai su sami hanya. Milimita 2 ko 3 tsakanin ƙofa da 'yar'uwarta shi ne abin da aka saba bari. Firji yana bukatar iska ta baya da ta sama, kuma takardar da ke zuwa da shi tana faɗin gwargwadon. Dutsen da ake shimfiɗawa a kan kanta shi ne ba ya yafiya, in an rage shi ba ya ƙaruwa, don haka ba a yanka shi sai kabad sun zauna a mazauninsu. Tsayin kanta kuwa, ko da yake an saba da santimita 90, a tambayi uwargida tukuna, gama mai tuƙa tuwon gida babba ba ta iya sarrafa muciya a kan tukunyar da ta kai mata ƙirji.

Amma ta fuskar shari'a, malamai sun san Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu tauye awo, kuma mutanen Madyana sun halaka bayan Annabi Shu'aibu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hane su da wannan. Duk da haka malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin garari mai yawa, wanda ke ɓata ciniki, da ɗan kaɗan wanda ba a nufe shi ba kuma bukata ta jawo shi, suka ce wannan abin yafewa ne. Sun buga misali da sayen gida ba a ga tushensa ba, da hayar wata ba a san ko 29 zai yi ko 30 ba. Rangwamen awo yana kama da wannan babi. Hannun ɗan Adam ba ya faɗawa kan gashi ɗaya, saɓanin milimita biyu ba zalunci ba ne. Amma kafintan da ya yi alkawarin allo mai kauri ya kawo siriri, ko ya rage zurfin kabad don ya ci ragowar katako, wannan ya fita daga rangwame ya shiga tauyewa. Haka maigidan da ya riƙe ladan ma'aikaci saboda ɗan abin da al'adar sana'a ta yafe, shi ma mai tauyewa ne.

Maganin husuma shi ne ambaton iyaka tun ran gini, tun ran zane. Kafinta ya zo da kansa ya auna, kada ya yarda da awon da aka aiko masa ta waya. A rubuta lissafin da santimita kaɗai, a rubuta kaurin allo da irin katako, a kuma rubuta yawan saɓanin da za a yafe da wanda in an wuce shi gyara yana wuyan mai aiki. Kowa ya riƙe takarda ɗaya, a gaban shaidu biyu. Ɗan kasuwa da ya san darajar mudu da sikeli a rumfarsa, shi ya fi cancanta ya san darajar awo a gidansa.

Allah ya sa a gama da kowa lafiya, ya tsare dukiya daga asara, ya tsare wuya daga haƙƙin mutane. Allah shi ne mafi sani. Haza wasalam.