Gyaran halin tuƙi

Gyaran halin tuƙi shi ne matakan da hukuma ke ɗauka, ko waɗanda direba ke ɗauka da kansa, domin ya daina tuƙin ganganci bayan an sha kama shi da laifin karya dokar hanya. Matakan sun haɗa da rubuta makin laifi a kan lasisin tuƙi, da kwasa-kwasan sake horarwa, da gwajin lafiyar jiki da ta tunani, da sa wa mota na'urorin da ke lura da yadda ake tuƙa ta. Manufarsu ita ce rage haɗurra. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon haɗarin hanya.

Halayen da ake neman gyarawa

Laifuffukan da suka fi ɓata tarihin direba su ne gudun wuce kima, da tuƙi cikin maye, da amfani da waya ana tuƙi, da ƙetare jar danja, da aron hannu, da ƙin ɗaura bel. Kowannensu yana da alaƙa da haɗari da aka auna.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya kalli wayarsa na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 bai ga hanya ba. Haka kuma, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100, kuma mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. Ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi.

Tsarin makin laifi

Tara ita kaɗai ba ta bambanta wanda ya yi laifi sau ɗaya da wanda ya mai da shi ɗabi'a. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka kafa tsarin maki, inda kowane laifi ke da adadinsa, kuma idan makin ya kai wani matsayi sai a karɓe lasisi.

A Jamus an fara tsarin a shekarar 1974, kuma ana ajiye rajistar a garin Flensburg. Tun daga ranar 1 ga Mayu 2014 ana karɓe lasisi idan maki ya kai 8, maimakon 18 da ake amfani da shi a da. Direban da ya kai maki 4 ko 5 ana aika masa da takardar jan kunne, wanda ya kai 6 ko 7 kuma ana yi masa gargaɗi. Makin yana gogewa da kansa bayan shekara biyu da rabi, ko biyar, ko goma, gwargwadon girman laifin.

A Birtaniya tsarin ya samo asali ne daga dokar sufuri ta 1981. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku ana hana shi tuƙi na aƙalla wata shida. Mafi ƙarancin hukuncin gudun wuce kima shi ne tarar fam 100 da maki 3. Tun daga watan Maris 2017, riƙe waya ana tuƙi yana jawo tarar fam 200 da maki 6. Sabon direban da ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko bayan cin jarrabawa ana soke lasisinsa, sai ya sake jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Yawancin laifuffuka suna zama a tarihin direba shekara 4, amma na tuƙi cikin maye yana zama shekara 11.

Faransa ta bi hanyar da ta saɓa wa waɗannan. Tun daga shekarar 1992 direba yana da jarin maki ne da ake zaftarewa duk lokacin da ya yi laifi. Cikakken lasisi yana da maki 12, sabon direba kuwa yana farawa da 6. Idan makin ya ƙare, lasisin ya daina aiki na wata shida, kuma sai an yi wa mai shi gwajin likita da na tunani kafin ya nemi wani.

Kwasa-kwasan sake horarwa

Ƙasashen nan uku sun buɗe wa direba ƙofar gyara tun kafin a kai ga karɓe lasisi. A Faransa kwas na kwana biyu yana mayar da maki har 4, kuma sau ɗaya ake yin sa a shekara. A Jamus mai maki 1 zuwa 5 yana iya shiga kwas don raɗin kansa a rage masa maki ɗaya, sau ɗaya cikin shekara biyar. A Birtaniya 'yan sanda suna iya bai wa wanda ya ɗan haura ƙa'idar gudu zaɓin halartar kwas na 'yan awoyi a madadin maki, muddin bai halarci irinsa ba cikin shekara uku da suka gabata. Wanda kotu ta hana tuƙi na wata 12 ko fiye saboda barasa ana iya rage masa har kashi ɗaya cikin huɗu na wa'adin idan ya kammala kwas ɗin da aka ware wa masu wannan laifi.

Waɗannan kwasa-kwasai ba koyar da riƙe sitiyari suke yi ba, domin yawancin mahalarta sun daɗe da iya tuƙi. Abin da ake tattaunawa shi ne dalilin da ke sa mutum taka totur ko ɗaga waya: fita a makare, fushi, gajiya, matsin lambar mai mota ko fasinja, da kuma yarda da kai fiye da kima.

Jamus tana da mataki mafi tsauri, wato gwajin likita da na halayyar ɗan Adam da ake kira MPU. Ana buƙatarsa yawanci daga wanda ya kai maki 8 ko aka kama shi da barasa mai yawa a jini. A nan sai direba ya gamsar da masani cewa ya gane musabbabin laifinsa, ya kuma nuna abin da ya sauya a rayuwarsa. A wasu lokuta ana neman shaidar gwajin fitsari ko gashi da ke tabbatar da cewa ya daina shaye-shaye na watanni.

Na'urori da inshora

A wasu jihohin Amurka, da Kanada da Suwidin, ana sa wa motar wanda aka kama da tuƙi cikin maye na'urar da sai ya hura numfashi a ciki kafin inji ya tashi. Idan ta gano barasa, motar ba za ta tashi ba. Kamfanonin inshora kuma suna ƙara kuɗi ga mai tarihin laifi, wasunsu suna ba da ragi ga wanda ya yarda a sa masa na'ura ko manhajar waya da ke auna gudu, da yadda yake taka birki, da lokutan da yake tuƙi.

Tasiri

Sakamakon bincike bai zama iri ɗaya ba. Wani nazari na cibiyar Cochrane a shekarar 2003, wanda ya tattara gwaje-gwaje 24, bai sami hujjar cewa karatun da ake ba direbobi bayan sun mallaki lasisi yana rage haɗurra ko raunuka ba, sai dai ɗan raguwar laifuffuka. Wani nazari da aka yi wa ma'aikatar sufurin Birtaniya a 2018 ya gano cewa waɗanda suka halarci kwas ɗin gudu ba su sake yin laifin kamar waɗanda aka yi wa tara da maki ba. Na'urar gwajin numfashi tana rage maimaita laifi matuƙar tana jikin motar, amma tasirinta yakan ja baya idan aka cire ta. Tsarin maki ma yakan fi tasiri a farkon kafa shi, sannan ya yi rauni idan direbobi suka lura ba a cika kama masu laifi ba.

Abin da waɗannan ke nunawa shi ne sanin doka kaɗai ba ya sauya hali. Sauyin yana ɗorewa ne idan direba yana da yaƙinin za a kama shi, ko kuma ya sauya yanayin da ke kai shi ga laifin. Saboda haka shawarwarin da ake bayarwa ƙanana ne da ake maimaitawa kullum: fita da wuri, ajiye waya inda hannu ba zai kai ba, barin tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakanin mota da ta gabanta tare da ninka ta idan ana ruwan sama, hutawa bayan kowace awa biyu a doguwar tafiya, da barin makulli ga wani idan akwai maye ko gyangyaɗi.

A Najeriya

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke kula da lasisin tuƙi tare da gwamnatocin jihohi. Takardar laifi da jami'anta ke rubutawa tana nuna tara da makin da ke kan kowane laifi, kuma hukumar tana yi wa waɗanda aka kama bita a kan dokokin hanya. A shekarar 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. A shekarar ce kuma ta fara tura masu wasu laifuffuka, kamar aron hannu da amfani da waya ana tuƙi, zuwa asibiti domin a gwada lafiyar tunaninsu, inda aka soma da Abuja.