Tabon da ido ba ya gani: maganin firgici ta hanyar motsa idanu

Uwa, idan yaronki yana shan Plumpy'Nut amma nauyinsa bai ƙaru ba, ma'aikacin lafiya zai binciki zawo, tari da zazzaɓi. Akwai wani dalili kuma da sikeli ba ya nunawa, wato halin da zuciyarki take ciki.

Tun 2019 dubban mutane suka tsallako jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, suna gudun ƴan bindiga. Sai dai ba harbi kaɗai ke barin tabo ba. Doguwar naƙuda, gobara, haɗarin mota, ko rasuwar ɗa a hannunki, kowanne yana iya barinsa. Yawancin mutane hankalinsu kan kwanta cikin makonni. Idan an wuce wata ɗaya kina munanan mafarkai, kina zabura da ƙaramin motsi, kina ƙin bin hanyar da abin ya faru, to ciwo ne mai magani. Ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba. Uwar da ba ta barci da wuya ta jure zaman lallashin yaron da ya ƙi ci. Firgici yana iya jinkirta zubowar nono na ɗan lokaci, amma ba ya ɓata shi; ki ci gaba da shayarwa.

Ɗaya daga cikin magungunan shi ne EMDR, wanda Francine Shapiro, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta fara a 1987. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga manya da yara. Babu allura, babu ƙwaya. Ƙwararre zai fara koya miki yadda za ki kwantar da hankalinki. Daga nan ki riƙe hoton abin da ya faru a ranki, idanunki na bin yatsunsa dama da hagu na kamar rabin minti. A tsaya, ki faɗi abin da ya zo miki, a sake. Ba dole ki ba da labarin filla-filla ba, kuma wannan sauƙi ne babba ga macen da abin kunya ya same ta. Abin ba ya gogewa daga ƙwaƙwalwa, zafinsa ne ke raguwa. Masana na muhawara har yanzu kan rawar da motsin idon kansa yake takawa, amma an ga amfanin maganin.

Ku wakilan lafiya na unguwannin Sabon Maci, kada ku gwada wannan da kanku: tono ciwo ba da horo ba yana iya tsananta shi. Ku saurara a keɓe, kada ku matsa da tambaya, ku riƙe sirri, ku raka uwa zuwa CSI domin a duba ta ko a tura ta asibitin Dakoro. Idan ta ambaci son kashe kanta, ku kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.