Taswirar da ta san inda ruwa yake

Duk shekara nakan shimfiɗa wa ɗalibaina taswirar wani yanki na kudancin jihar Yuta ta Amurka, ƙasar kwazazzabai da ƙarancin ruwan sama, inda ake kiwon shanu. Irin taswirar nan ce mai nuna tudu da kwari, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, take bugawa. Kowane layi mai launin ƙasa-ƙasa yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda layukan suka wawware, fili ne. Inda suka cunkushe, bangon dutse ne da saniya ba ta iya sauka. Shuɗi kuwa ruwa ne: ɗigon maɓuɓɓuga, ko tsinkakken layin rafin da ba ya gudu sai an yi ruwa.

Sai in tambaye su: a ina za ku kafa garke? Mai lura yakan gane cewa kogin da yake kusa a takarda yana iya zama tafiyar yini ga dabba.

Abin da John Wesley Powell ya gano ke nan. Ya ratsa kwazazzaban Kogin Kolorado cikin kwalekwale a 1869, da hannu ɗaya, domin ya rasa na dama a yaƙin basasa. A rahotonsa na 1878 ya ce eka 160 da dokar 1862 take bai wa iyali ba za ta riƙe su a busasshiyar ƙasa ba. Ya nemi a ba makiyayi eka 2,560, a kuma ja iyakoki yadda kowa zai taɓa ruwa, maimakon yanka ƙasa murabba'i-murabba'i. Majalisa ta ƙi. Sakamakon haka, wanda ya riga kama maɓuɓɓuga shi ya mallake makiyayar da ke kewaye, dabbobi suka cinye ciyawa har saiwa, sai a 1934 aka yi dokar Taylor ta tsara kiwo a filayen gwamnati.

Yau da ake muhawarar killace kiwo a Nijeriya, nakan ji ana lissafin hekta, ba na jin ana lissafin mashaya. Kafin a ware wa makiyayi fili, a fara buɗe taswira a ga inda shanunsa za su sha a watan Afrilu. Tun ran gini, tun ran zane.