Daga Ina Kogi Yake Samun Ruwansa?

Yau hirar tamu a kan ruwa ce. In yaronki ya tambaye ki me ya sa Kogin Kaduna yake gudu har tsakiyar rani, alhali an yi wata da watanni ko yayyafi ba a yi ba, me za ki ce masa? To, amsar tana nan cikin madafinki.

Ki lura da tukunyar da kika ɗora a wuta. In ruwa ya tafasa, tururi ya tashi ya bugi murfi, da kin ɗaga murfin sai ki ga ruwa na ɗiga. Haka Allah cikin ikonsa ya tsara ruwan duniya. Rana ce wutar, teku kuma shi ne tukunyar. Zafin rana na ɗaga tururi daga Tekun Atlantika, iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma ta yo arewa da shi. In ta iso tsaunukan Jos, inda tsayin Dutsen Shere ya haura mita 1,800, dole ta hau sama. Can sama kuwa sanyi ne, shi ne murfin tukunyar. Sai tururin ya zama hadari, ruwa ya sauko. Shi ya sa Jos ta fi Kano samun ruwan sama.

Wannan ruwa kashi biyu yake rabuwa. Wani ya gangaro nan take ya cika rafuka. Wani kuwa ƙasa ce ke shanye shi kamar soso, ya kwanta cikin tsagogin duwatsu, ya riƙa tsattsafowa a hankali ta idanun ruwa har cikin rani. Daga waɗannan tsaunuka Kogin Kaduna da na Gongola da na Jama'are suka faro. Na Jama'are ya haɗu da na Haɗeja, su nufi Tafkin Chadi tare. Daga nan rana ta sake ɗaga tururi, zagayen ya ci gaba.

To uwargida, ina ruwanki a ciki? Bishiyoyi da ciyayi su ne ke tare ruwan sama har ƙasa ta samu ta sha. In aka sare su don itace da gawayi, sai ruwan ya kwararo gaba ɗaya da damina, ya zaizaye gonaki, ya yi ambaliya, da rani kuma rafi ya ƙafe, kuɗin jarkar mai ruwa ya tashi. Saboda haka ki riƙa rufe tukunya in kina girki, in kin sauke ki kashe ragowar itacen ki adana. In da fili a tsakar gida, ki roƙi maigida a dasa ko da darbejiya ɗaya ce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.