Rufe Iyaka Ba Ya Tsayar Da Lissafin Kwana 90

Duk falken da ya taɓa kai shanu kudu ya san cewa ranar shiga ita ce a hannunsa, ranar fita kuwa tana hannun mahauta. Ka sauke kaya a karar Agege ko ta Ibadan, ko Tulaku ta Ashaiman can ƙasar Gana, fatoma ya haɗa ka da masu saye, a kwashi shanu bashi, a ce maka nan da mako 2. Mako 2 ya koma wata guda, wata ya koma 2, kai kuwa kana zaune a zango kana jiran cikon kuɗi. Haka sana'ar take tun zamanin kakanni. Abin da yawancinmu ba mu sa wa a lissafi shi ne, tun ranar da aka buga maka hatimi a bakin iyaka hukumar ƙasar take ƙirga maka kwanaki, kuma ba ta daina ƙirgawa don an rufe iyakar da za ka bi ka koma gida.

Asalin maganar yana cikin yarjejeniyar da shugabannin CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar a 1979. Ta ce ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin allurar rigakafi, ya zauna har kwana 90. Wanda yake son ya zarce haka, dole ya nemi izini wurin hukuma. Wannan jimla ta biyu ita ce mutanenmu suka manta, suka riƙe ta farko kawai. A 1986 an ƙara wata yarjejeniya kan 'yancin zama, amma shi ma zaman da kati ake yin sa, ba da baki ba.

Akwai kuma wani ruɗu da ya kamata a warware. Za ka ga Alhaji ya buɗe jaka ya fito da takardar likitan dabbobi, da rasiɗin duwan, da na kasuwa, yana ganin ai ya cika. To, waɗannan duka na shanu ne. Har takardar ƙetare iyaka da garke, wadda CEDEAO ta fito da ita a 1998 saboda makiyaya, maganar dabbobi take yi: yawansu, allurarsu da hanyar da za su bi. Jami'in shige da fice ba ruwansa da bajimi. Kai yake tambaya, yaushe ka shigo, kuma wa ya ba ka izinin kaiwa yau.

Wani zai ce, ai mu da mutanen Katsina da Sakkwato abu guda ne, wa zai tambaye ni takarda a Illela ko Mai'aduwa? Gaskiya ne, ranar kasuwa ba mai tambaya. Amma dattawan cikinmu sun ga ranar da aka tambaya. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya fice daga Najeriya. Mutanen Gana suka fi yawa, amma 'yan Nijar da na Cadi ma sun kwashi kashinsu a hannu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gwamnatin Rawlings ta riga ta rufe iyakokin Gana tun 1982, sai jama'a suka yi cirko-cirko a hanyar Binin da Togo, baya an kore su, gaba ƙofa a kulle, har sai da aka buɗe Aflao a ƙarshen watan. A watan Afrilu 1984 Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe su sosai ba sai 1986, zamanin Babangida. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El Buhari. Kuma iyakar tana rufe ɗin nan aka sake korar baƙi marasa takarda a 1985. Ba wanda aka ce wa, tunda mu muka rufe hanya, zauna abinka.

Na baya-bayan nan kowa ya gani da idonsa. Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Gana ta rufe nata a watan Maris 2020 saboda annobar korona, ta buɗe filin jirgin saman Accra a Satumba, amma hanyar mota sai Maris 2022, shekara 2 cur. An bar kaya suna wucewa, mutane ne aka hana. Wato falken da ya shiga Gana a watan Fabrairu 2020, kwanakinsa sun ƙare a watan Mayu, kuma in ba shi da kuɗin jirgi ba shi da halattacciyar hanyar fita. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 an sake rufe tsakaninmu da Najeriya har Maris 2024.

Wani lokaci hukuma takan yi sassauci. A 2020 hukumar shige da fice ta Najeriya ta ce baƙin da kullen korona ya rutsa da su za a tsawaita musu izini kyauta. Amma rangwamen na wanda takardarsa ke da rai ne lokacin da aka rufe. Shi ya sa hatimin shiga yake da daraja: shi ne shaidarka cewa rufewar ce ta tsare ka, ba kai ka maƙale ba. Wanda ya bi ta daji don gudun 'yan kuɗin da ake karɓa a shinge, ranar da abu ya ɓaci ba shi da abin nunawa.

To, in rufewa ta same ka a can fa? Ranar da ka ji sanarwa a rediyo, buɗe fasfo ka duba ranar shiga, ka ƙirga, ka rubuta ranar ƙarewa a littafin da kake rubuta bashi. Kada ka jira ranar ta zo. Tun da sauran mako 2 ko 3 ka tafi ofishin shige da fice, a Najeriya kowace jiha tana da nata, a Gana ma kowane yanki haka. Ka tafi da fasfonka, da hotuna, da wasiƙa daga fatomanka ko shugabannin kara mai nuna inda kake kwana da abin da ya zaunar da kai. Wanda ya kai kansa kafin wa'adi, mai neman alfarma ne. Wanda aka kamo bayan wa'adi, mai laifi ne, ko da dalilinsu guda. Duk abin da ka biya ka karɓi rasiɗi. Ka yi hoton takardun, kofi guda wurin fatoma, guda a wayarka.

Yana da kyau kuma ka yi rajista a ofishin jakadancinmu, ko na Abuja, ko ƙaramin ofishin Kano, ko na Accra, ka karɓi katinsu. Sai dai a sani, wannan kati yana nuna kai ɗan Nijar ne kawai, ba izinin zama ba ne.

Abu 2 ne nake jan kunnen 'yan uwa a kansu ƙwarai. Na farko, masu cewa kawo fasfo da 'yan kuɗi, gobe in dawo maka da shi da hatimin fita da na shiga. Iyaka tana rufe, wa ya buga hatimin? Jami'i yana ganin ranar ya san na jabu ne, laifin zarce kwana ya koma laifin takardar ƙarya. Na biyu, sulalewa gida ta daji da dare. Ka isa lafiya, amma fasfonka yana nuna ka shiga ba ka fita ba, kuma ranar da ka dawo da wani lodi za a ƙirga maka tun daga hatimin farko.

Su kuma 'yan uwa da suka yi gida a can, dillalai da fatomomi masu iyali, ba maganar kwana 90 ce tasu ba, katin zama ne, da sabunta shi kafin ya mutu. Lamarin ya ƙara nauyi tun 29 ga Janairu 2025, ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. A ranar, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen 3, a bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an sake sanarwa. Abin da ke yarjejeniya jiya ya koma na wucin gadi ke nan. A shekarar ne kuma Najeriya ta sanar da tarar dala 15 a kowace rana kan wanda ya zarce wa'adin bizarsa, tare da hana shi dawowa na wasu shekaru in abin ya yi tsawo. Saboda haka kafin a yi lodi, a tambayi jami'an iyakar da za a bi abin da ke aiki a wannan makon, kuma a tabbata yaran da ke raka shanu a bayan tirela su ma an buga musu hatimi, don su aka fi mantawa da su.