Hoton fasfo na'ura ake ɗaukar wa

Maniyyacin da ya fito daga Bodinga ko Shagari, kafin ya taka matakalar jirgi a filin Sultan Abubakar na Uku, sai ya zauna gaban kyamara an ɗauke shi. Haka ɗalibin da zai rubuta JAMB, wanda tun 2021 ba ya samun rajista sai da lambar NIN, haka mai ajiya a banki tun da aka fito da BVN a 2014. Mutanenmu da yawa har yanzu kallon hoton sallah suke yi wa wannan hoto: a yi kwalliya, a karkata wuya, mai hoto ya ƙara wa fata haske. Nan matsalar take farawa.

Dokokin wannan hoto ba Abuja ce ta ƙirƙiro su ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ita ta tsara ma'aunin da ƙasashe ke bi. Nijeriya ta koma fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2007, kuma a cikin wannan ƙwaƙwalwa akwai hoton mai fasfon. Idan matafiyi ya isa Jidda, kwamfuta ce ke kwatanta fuskar da ke tsaye da wadda aka adana. Abin da take bi shi ne tsarin fuska: tazarar idanu, zaman hanci, faɗin muƙamuƙi. Dariya na motsa kumatu, karkata kai na sauya tazara, gilashin tabarau na mayar da hasken fitila. Amurka ma ta hana tabarau a hoton fasfo da biza tun Nuwamban 2016.

A dubi Folan, inda wasu matasanmu ke neman zuwa karatu ta ofishin jakadancinta na Abuja. Tana son hoto mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, wanda bai wuce wata shida ba, fuska ta cika kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, baki a rufe, ido yana kallon gaba. Abin sha'awa, kafin Maris na 2015 katin ɗan ƙasar Folan hoton gefe yake ɗauke da shi, ana ganin kunnen hagu. Su ma na'ura ce ta sa suka juyo da fuska.

Tambayar da ta fi damun gidajenmu ita ce ta hijabi. Ba a ce mace ta cire ba. Ma'aunin ICAO ya amince da rufe kai saboda addini, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi, gefe da gefe, ba inuwa. Hijabin da ya sauko kan gira ko ya haɗiye haɓa shi ne ake mayarwa. Za ka ji mai ɗauka yana lallashi: "Inna, ɗan ja shi baya kaɗan, goshin kawai nake son gani." Sai ta ja da yatsa biyu, ta mayar da rabi kafin ya danna, a sake. Mai rawani ma sai ya sauke amawali daga baki. A ganina rabin wannan ja-in-ja zai kau idan wuraren rajista suka ajiye mace mai ɗaukar mata, da ɗan labule.

Sai kuma aikin masu shagon hoto, wanda shi ya fi ba ni takaici. Yaro ya samu manhajar gyaran fuska a waya, dattijo ya zo da zanensa na Gobirawa ko na Kabawa a kumatu, sai ya shafe zanen sumul, ya goge tamoji, ya miƙa hoton yana jiran yabo. Wannan hoto ya tashi daga shaida. Laifin bai tsaya ga yaron ba, domin masu zuwa ne ke cewa "ka gyara ni." Daga Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta ba mai neman fasfo damar tura hotonsa ta intanet tun daga gida, don haka irin hoton da shago ya fitar yana iya sa takardar mutum ta wuce ko ta dawo.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne a nan. Idan aka jingina baƙin mutum da farin ƙyalle, kyamara takan auna hasken ƙyallen ta rage buɗa ido, fuska ta fito duhu, ido da haƙora kawai ake gani. Maganinsa haske ya zo daga gaba, a inuwar rumfa mai fuskantar fili, ba rana a bayan ƙeya ba. Na'urorin su kansu ba su yi mana adalci sosai ba: binciken da cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a Disamban 2019 ya nuna cewa yawancin manhajojin gane fuska sun fi yin kuskuren haɗa mutum da wani a fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas. Hoto mai duhu ƙara wa wannan kuskure ƙarfi yake yi.

Manomin albasa da fartanya ta cinye zanen yatsunsa ya fi kowa buƙatar hoto mai kyau. A zaɓen 2023, idan na'urar BVAS ta kasa karanta yatsa, fuska ake gwadawa da hoton da INEC ta adana. Idan ita ma ta ƙi, doka ba ta yarda a ba shi ƙuri'a ba, ko da malamin zaɓen ɗan unguwarsu ne.